Ƙwayar safe: lissafin kwanakin jiran sauƙi

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Likita ne ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta abu uku: awa nawa na yi barci, me na ci, me hannuna ya yi. Ya ce mai irin ciwona, wato ciwon damuwa, ba ya ganin sauƙinsa da idonsa, sai an ajiye masa shi a takarda. To, ga shi na soma.

Ni baduku ne, haifaffen Birni, nan Damagaram, shekaruna 43. Wajen Baba na gaji sana'ar. Da ina lafiya nakan ɗinka alabe 4 a yini. Yau wata 5 ke nan ban gama abu ɗaya da hannuna ba. Baba ya rasu a Disambar bara, lokacin da iyaka take rufe, ƴan Kano masu ɗaukar kayanmu ba sa zuwa. An buɗe iyakar a watan Maris, kasuwa ta ɗan motsa, ni ban motsa ba. Ƙarfe 3 na dare nake farkawa, in zuba wa azara ido har kiran assalatu. Tuwo kamar ƙasa a bakina. Ranar da tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, bayan ruwan nan mai yawa, unguwa duk ta fito, tsofaffi suna share hawaye. Ni ina tsaye cikinsu, a gaban masallacin da Baba yake kai ni tun yana riƙe mini hannu, ban ji komai ba. Wannan rashin jin ya fi kuka ba ni tsoro.

Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya. Liman ne da kansa ya ce in je asibiti. Ya ce, "Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ka je, mu kuma addu'a ba za mu daina ba."

A asibiti sai da aka ɗebi jini aka duba zazzaɓin sauro, da ƙarancin jini, da suga, likita ya kuma lalubi wuyana ko akwai maƙoƙo, don ya ce waɗannan kan sa kasala mai kama da tawa. Duk lafiya. Sannan ya yi mini tambayoyi 9, kowace da makinta, ƙarshensu 27. Na samu 19. Ya ce ciwon damuwa ne mai ƙarfi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 suna fama da shi. Ya tambaye ni ko na taɓa yin kwanaki ba barci, ga ƙarfi, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, don mai irin wannan ba a ba shi maganin nan shi kaɗai. Na ce a'a. Ya tambaya ko nakan yi tunanin mutuwa. Na daɗe kafin in amsa. Na ce nakan ji da Allah zai ɗauke ni da na huta. Bai zare ido ba, bai yi mini wa'azi ba, ya rubuta kawai.

Magani biyu ne suka fi samuwa, in ji shi. Amitiribtilin, wanda a farmasi ake kira Laroxyl, yana da araha, yana sa barci, amma yana busar da baki, kuma yawansa haɗari ne ga zuciya. Saboda amsar da na ba shi sai ya zaɓa mini fulokzetin, miligiram 20, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ya kira uwargida ya ce kwalin ya zauna a hannunta.

Abin da ya maimaita har sau uku: "Malam, wannan ba farasitamol ba ne. Wahalarsa takan riga amfaninsa zuwa. Kada ka yanke masa hukunci kafin sati 4 zuwa 6."

Kuɗi (jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1,000): ganin likita jika 2, awon jini jika 6, kwalin ƙwaya 30 jika 4 da dala 100, kabu-kabu dala 120. Duka jika 13 da dala 20. Yaya ne ya biya.

Talata, 5 ga Nuwamba (kwana 1)

Na sha da koko bayan asuba. Barci awa 3.

Juma'a, 8 ga Nuwamba (kwana 4)

Tashin zuciya tun jiya, da ciwon kai a goshi. Na je Juma'a, ban tsaya gaisawa da kowa ba. Uwargida ta gane in na ci wani abu mai ɗan nauyi kafin ƙwayar, zuciyar ba ta tashi sosai, don haka ta ƙara ƙosai a kan kokon.

Litinin, 11 ga Nuwamba (kwana 7)

Sati ɗaya. Ba sauƙi. Akwai ma sabon abu: ƙafafuna ba sa son zama. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san inda za ni ba. Barci awa 2 da rabi. Likita ya ce in riƙa zama a rumfa ko da awa ɗaya ce, ko ban taɓa fata ba. Na zauna minti 20 na dawo.

Alhamis, 14 ga Nuwamba (kwana 10)

Yau ce ranar da na kusa ɓata komai, don haka zan rubuta ta dalla-dalla.

Da hantsi Yaya ya zo ya same ni ina kai da kawowa a zaure. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kwana goma kana sha, ba sauƙi sai ƙari. Maganin da yake na gaske ai tun ranar farko ake ganin alamarsa. Ka bar shi." Ban ga laifinsa ba. Shi ya biya kuɗin, shi ke ɗauke da cefanen gidana wata da watanni, kuma duk maganin da muka sani a rayuwa haka yake: a yi maka allurar zazzaɓi yau, gobe ka tashi. Na ce masa zan yi tunani.

Da la'asar na fita rumfa. Wani yaro mai aiki kusa da mu, wanda na san yana ƙaunata, ya matso ya danƙa mini abu a hannu. Tiramol. Ya ce, "Baba, guda ɗaya. Kafin rabin awa za ka ji jikinka ya dawo, har ka yi aikin kwana biyu." Duk wanda yake garin nan ya san yadda ƙwayar nan ta shiga matasanmu, ni ma na sha yi musu faɗa a kanta. Amma ga ni na riƙe ta a tafin hannu, ina auna rabin awa da sati 6. Wallahi rabin awa ta fi nauyi a raina.

Abin da ya tsare ni, majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin, ya ba uwargida lambarsa, ita kuma ta sa mini a waya. Na kira shi ina tsaye a bakin lungu. Na faɗa masa duka biyun. Muryarsa ta canza da jin tiramol. Ya ce in jefar yanzu. Ya ce ita ma tiramol tana ƙara sinadarin serotonin, wanda ƙwayata take aiki a kansa; in suka haɗu suna iya kawo zazzaɓi mai zafi, da gumi, da karkarwa, da ruɗewa, har farfaɗiya. Ya ƙara da cewa ko ciwon kai ne in tsaya ga farasitamol, in guji asfirin da ibufurofen sai da izini, don haɗa su da ƙwayata yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Game da rashin zaman, ya ce sananne ne a satin farko da na biyu, kuma yakan lafa. Amma in ya kai ba na iya zama ko kaɗan, ko tunanin mutuwa ya ƙaru, kada in jira ranar komawa, in zo ko da dare ne. Ya ce kwanakin farko su ne aka fi sa wa ido, musamman ga matasa ƴan ƙasa da 25.

Na jefa ƙwayar a kwata. Da dare na gaya wa uwargida komai. Ba ta ce uffan ba, sai ta jawo tabarmarta kusa da ƙofar ɗakina.

Litinin, 18 ga Nuwamba (kwana 14)

Komawa ta farko. Maki 17. Na ce wa likita ban ga bambanci ba. Ya karɓi littafin ya nuna mini da yatsa: tashin zuciya ya tafi tun kwana na 11, barcin kwana ukun baya awa 4 ne, ba 2 da rabi ba.

Na tambaye shi dalilin jinkirin, tun da ƙwayar cikin jini take shiga kamar kowace. Ya ce haka ne, cikin awoyi kaɗan take soma aikinta: tana hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin janye serotonin ɗin da suka saki. Amma ƙwaƙwalwa ba ta karɓar canjin nan take. Da farko ma ja da baya take yi, ta rage abin da take saki, sai an ɗauki makonni kafin ta saba, mahaɗan jijiyoyin su gyara kansu. Ga shi fulokzetin a hankali yake taruwa a jiki, sai ya yi makonni kafin ya daidaita.

Na gane wannan ta hanyar sana'ata. A majema, bagaruwa tana rina ruwa da zarar an zuba ta, amma fatar da aka tsoma ba ta zama kirgi a ranar. In ka yi gaggawa ka cire, waje ya jemu, ciki ɗanye, kwana kaɗan ta ruɓe. Da na faɗa wa Yaya haka, shi da ya girma cikin warin majema kamar ni, sai ya yi shiru, ya ce a ƙara sati biyu a gani.

Likita ya ce ƙwaya ita kaɗai ba ta isa ba. Ya ɗora mini uku: jam'i ko da biyu a rana, tafiyar ƙafa bayan la'asar, ban da shayi bayan magariba. Kuɗi: jika 2 da dala 120.

Juma'a, 22 ga Nuwamba (kwana 18)

Ƙafafu sun kwanta. Barci awa 4 da rabi. Na taka daga gida zuwa ƙofar fada na dawo.

Lahadi, 24 ga Nuwamba (kwana 20)

Ba komai. Rana mai nauyi. Ban fita ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba (kwana 23)

Da rana uwargida ta kawo dambu, na cinye, na ce ko da saura. Sai na ga ta tsaya da kwano a hannu tana kallona. Ta ce, "Malam, rabonka da ka nemi ƙari tun kafin Babbar Salla." Ta ce jiya ma na tambayi autarmu abin da aka koya musu a makaranta, kuma na tsaya na saurari amsar. Ni ban tuna na yi ba.

A cikina har yanzu duhu ne. Da wani zai tambaye ni, sai in ce maganin bai soma ba. Amma likita ya riga ya gaya mana haka abin yakan zo: ci, da barci, da motsin jiki su ne a gaba, farin cikin zuciya yana can baya, kuma mutanen gida sukan riga mai ciwon gani.

Litinin, 2 ga Disamba (kwana 28)

Sati 4. Maki 13. Barci awa 5, amma har yanzu ina farkawa kafin assalatu. Na yanka fatar alabe 2 a satin nan, ban ɗinka ba.

Likita ya ce wannan alama ce mai kyau, don wanda ya kai sati 4 bai ga ko ɗan motsi ba, shi ne ake soma tunanin ƙara masa ko canza masa. Na tambaye shi ko kowa yana warkewa da maganin farko. Ya ce a'a. Ya ba ni labarin wani babban bincike a Amurka, mutum wajen 4,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2006: kusan ɗaya cikin uku ne suka warke sarai da maganin farko, kuma da yawansu sai bayan sati 6. Sauran sai da aka canza musu ko aka haɗa musu da wani, kuma a cikinsu ma an ci gaba da samun masu warkewa. Na ji daɗin da bai yi mini alkawarin ƙarya ba.

Ya rubuta sabuwar takardar magani. Ƙwaya 2 suka rage. Kuɗin hannuna bai kai ba, na ce sai jibi.

Litinin, 9 ga Disamba (kwana 35)

Kwana 4 ban sha ba: 5, 6, 7 da 8 ga wata.

Ranar Laraba na je farmasin da na saba, aka ce ya ƙare, sai mota ta zo daga Yamai. Na je na biyu, babu. Na uku suna da wani mai suna kusa da shi, mai sayarwa ya ce ai duk ɗaya ne. Na tuna majo ya ce kada in yarda a musanya mini sai da hannun likita, na baro shi. Alhamis da Juma'a na zaga Sabon Gari da Zango a kan kabu-kabu har kuɗin hawa ya kai jika 2. A bakin Kasuwar Dole wani mai faranti ya ce yana da "maganin tunani" kala uku, ba kwali, ba takarda, rana ta dafa su. Ban ko tsaya ba.

Abin da ya fi cina shi ne tsoro. Na ɗauka duk wata gudan da na yi ya zube, sai an koma farko, da tashin zuciyar da rashin zaman. Daren Juma'a ban runtsa ba. Asabar na kira majo. Ya ce a nan na yi sa'a da irin ƙwayata: fulokzetin yakan daɗe a jiki, sai kwanaki 4 zuwa 6 kafin rabinsa ya fita, abin da hanta take mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Don haka kwana 4 ba su rushe ginin ba. Ya ce da wasu ƴan'uwansa ne masu saurin fita, da tuni jiri da jin kamar wutar lantarki a ka sun same ni. Ya gargaɗe ni kada in haɗa biyu don rama waɗanda suka wuce.

Jiya da dare Yaya ya samo a wani farmasi, na wani kamfani dabam amma suna da miligiram ɗin ɗaya, jika 7. Shi da ya ce in bari, shi ya yi yawon nema har bayan isha'i. Na sha yau da safe.

Kuskurena ne da na bari sai saura 2. Daga yanzu, ranar da kwali ya rage 10 za a sayi na gaba. Uwargida ta ware gwangwani don kuɗin, ana jefa dala 30 kullum.

Juma'a, 13 ga Disamba (kwana 39)

Na ɗinka alabe ɗaya har ƙarshe. Ɗinkin bakin ya karkace, basilla ta huda mini yatsa sau biyu. Ba zan sayar da shi ba, na ajiye.

Litinin, 16 ga Disamba (kwana 42)

Sati 6. Maki 11. Likita ya yi ta juya biro. Ya ce yana so a ce makin ya sauka ƙasa da rabin na farko, bai kai ba tukuna. A wannan gaɓar ake iya ɗaga ƙwayar zuwa miligiram 40. Amma tun da ana sauka ba tsayawa, ga kuma giɓin kwana 4, ya ga a ƙara sati 2 a kan 20. Ya tambayi ra'ayina. Na ce in dai ana tafiya, a bar ni a haka, don 40 kuɗi biyu ne.

Litinin, 23 ga Disamba (kwana 49)

Kwana ukun nan sun kayar da ni. Ranar 19 Baba ya cika shekara. Ƴan'uwa sun taru, an yi sauka, an raba sadaka. Da kowa ya watse na shiga ɗakinsa, na ga kayan aikinsa a rataye, da wuƙar da bakinta ya sirance don wasawa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. Washegari ban tashi ba, jibi ma haka. Na ce shi ke nan, ciwo ya dawo, magani ya gaza.

Inna ce ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Ɗan nan, bara kallonmu kake yi kamar dutse. Bana kuka kake yi. Ni na fi son wannan." Da na gaya wa majo, shi ma kusan haka ya faɗa. Ya ce ƙwayar ba ta hana mutum jin rashin mahaifinsa, kuma ba a so ta hana. Ba a auna ta da rana ɗaya ko uku, da sati ake aunawa. In nauyin ya zarce sati 2 yana nan kullum, a nan ne za a sake zama.

Ko cikin kwanakin ukun na ci abinci, kuma na sha ƙwayar. Yau na fita asuba cikin sanyi da hazo.

Alhamis, 26 ga Disamba (kwana 52)

Alabe 2. Barci awa 6.

Litinin, 30 ga Disamba (kwana 56)

Sati 8. Maki 7. Ba a ƙara miligiram ba.

Akwai maganar da na yi ta ɗagawa don kunya, yau na faɗa. Tun wajen sati na 3 abin da ke tsakanin miji da iyalinsa ya yi sanyi, in ma an kusanta sai jinkiri. Likita ya ce wannan yana cikin illolin da suka fi yawa ga irin magungunan nan, kuma ba kamar tashin zuciya ba, shi yakan jima. Ya ce maza da yawa a kansa suke jefar da magani a ɓoye, su dawo bayan wata 2 ciwon ya fi na da. Ya hana ni neman maganin ƙarfin maza na kasuwa. Za a sa ido. In ya dame mu akwai hanyar gyara, amma tare da shi. Na rubuta wannan ne don na san akwai mai irin halina da zai yi shiru ya daina sha.

Na sayi kwali na gaba tun da saura 8, a farashin farko, jika 4 da dala 100.

Litinin, 13 ga Janairu 2025 (kwana 70)

Alabe 3 a yini, kwana huɗu a jere. Na sayar da 10, na biya mai garuwa bashinsa. Daren jiya na zauna a fada da abokai har ƙarfe 10, ban sha shayin ba, amma na yi dariya da gaske, har na ji ta a ciki. Yaron nan mai tiramol na zaunar da shi mun yi magana mai tsawo. Ya ce zai bi ni wajen majo. Allah ya sa.

Litinin, 27 ga Janairu (kwana 84)

Sati 12. Maki 4. Likita ya ce ƙasa da 5 shi ne abin da ake nema. Na dubi lissafin a jere: 19, 17, 13, 11, 7, 4. Ba ranar da zan nuna in ce a nan na warke. Alamar farko a kwana na 23 ta fito, kuma ba ni na gan ta ba. Jin na dawo ni, sai wajen sati na 9 zuwa na 10.

Na ce masa to tun da an warke, sai a tsaya. Na riga na shirya abin da zan yi da kuɗin gwangwanin. Ya girgiza kai. Ya ce wannan ita ce gaɓa ta biyu da ake faɗuwa, bayan ta satin farko. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 da suke bi ita ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan alamun sun tafi, don wanda ya tsaya da wuri ya fi shiga haɗarin komowar ciwon. Daga yau ake soma ƙirga, ba daga Nuwamba ba. Wato Oktoba a mafi kusa, ko Janairun baɗi. In lokacin ya yi, shi zai tsara yadda za a sauka.

Raina bai so ba. Na tambaya ko jiki ba zai kamu da ita ba kamar tiramol. Ya ce a'a: ba ta bugarwa, ba ta sa ƙwaɗayin ƙari, miligiram 20 ɗin da na soma da shi har yau shi ne. Tun ƙarshen 1987 aka amince da ita a Amurka da sunan Prozac, an daɗe da sanin halinta.

Lissafi: wata 9 jika 40 da dala 100, wata 12 jika 54, ban da ganin likita, wanda yanzu ya koma sau ɗaya a wata. Alabe 3 a wata sun biya ƙwayar. Na gaya wa Yaya daga yau ni zan riƙa saye.

Litinin, 17 ga Fabrairu (kwana 105)

Maki 4, bai motsa ba. Barci awa 6 zuwa 7. Sha'anin iyali ya ɗan gyaru, bai koma daidai ba.

Ana sa ran azumi a farkon Maris, don haka yau shi muka tattauna. Ƙwayar za ta koma sahur, tun da sau ɗaya ce a rana kuma ta safe ce, bambancin bai fi awa biyu ba. Abin da ya fi damun likita barci ne. Ya ce in yi tarawihi in kwanta, in samu ƙailula da rana, kada in ɗauki ɗinkin dare na kayan Salla kamar yadda muka saba. In na ga farkawar ƙarfe 3 ta dawo kwana biyar a jere ba don sahur ba, in kira.

Wani ɗan Kano da ya daɗe yana sayen kayan Baba ya aiko yana son alabe 60 kafin Salla. Na karɓi 40, sauran 20 na tura wa maƙwabcina. Da kuɗin kafin alƙalami zan sayi kwali 2 a ajiye kafin azumi. Komawa asibiti 17 ga Maris. Gobe da sassafe zan je majema in zaɓi jar fata 6 da baƙa 2.